Sakkwato zuwa Abuja: yadda za ka lissafa nisa da lokacin tafiya kafin ka yanki tikitin jirgi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da harkar aiki ta sa nake yawan zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Abuja, da wuya a yi sati wani bai tare ni ba ko ya turo saƙo ta WhatsApp, kuma tambayar dai guda ce, "wai awa nawa ne a jirgi?" Da na ce awa ɗaya ne da 'yan mintuna sai mutum ya ce toh shikenan, ya je ya yanki tikitin ranar da ake jiransa a can, kuma daga nan matsalar ke farawa, don awa ɗayan nan ta cikin iska ce kawai, ba ta haɗa da fitowarka daga Mabera ko Arkilla ba, ba ta haɗa da zaman jira ba, balle doguwar hanyar da ke tsakanin filin jirgin Abuja da cikin gari. Shi ya sa na ga gara in zauna in jera abin daki-daki yadda ni kaina nake yi. Da Abuja na yi misali don nan mutanenmu suka fi zuwa, amma lissafin ɗaya ne ko Legas za ka.

1. Fara da lokacin da ake jiranka a can

Kafin ka buɗe wani shafin tikiti, ɗauki biro ka rubuta abu uku: ranar da ake buƙatarka, ƙarfe nawa, da kuma unguwar da za ka je a Abuja. Unguwar na da muhimmanci ƙwarai, wanda za shi Lugbe ko Gwagwalada ba ɗaya suke da wanda za shi Maitama ko Nyanya ba, tsakaninsu akwai kusan awa guda. Daga wannan lokacin za ka dinga lissafi kana komawa baya har ka iso ƙofar gidanka, ba daga gida za ka fara kana tafiya gaba ba.

Hattara: in abin da zai kai ka ba ya ɗaguwa, kamar intabiyun aiki, ganin likita, zaman kotu, biza, ko wani jirgin da za ka kama zuwa Jidda ko Alƙahira, to tun a nan ka yanke cewa ana gobe za ka tafi ka kwana can. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai asarar abin da ya kai ka ba.

2. Auna nisan, kuma ka san nisa biyu ne

Nan mutane ke rikicewa. Akwai nisan sama, wato miƙaƙƙen layi daga fili zuwa fili, akwai kuma nisan kwalta. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III na nan Sakkwato zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja, a miƙe, kusan kilomita 490 ne. Amma in ka bi mota ta Gusau, Funtua, Zariya, Kaduna har Zuba, kana maganar kilomita 650 zuwa 700, ya danganta da inda ka tashi da inda za ka sauka. Legas kuwa a miƙe ta haura kilomita 700 kaɗan, Kano ba ta kai 400 ba a sama amma a kwalta ta wuce 500.

In kana son ka auna da kanka abu ne mai sauƙi. Buɗe Google Maps a waya, nemo filin jirgin Sakkwato, danna kansa ka riƙe har jan alama ta fito, sai ka jawo bayanin da ke ƙasa zuwa sama ka zaɓi wurin auna tazara, daga nan ka ja taswirar har ɗan da'irar ya zauna kan filin jirgin Abuja, lambar da ta fito a ƙasa ita ce nisan sama. Na kwalta kuma sai ka nemi kwatancen hanya na mota yadda aka saba.

Hattara: ka duba ma'aunin da aka rubuta. Wasu shafukan da mil suke ba da nisa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, masu harkar jirgi kuma suna da nasu mil ɗin na ruwa wanda yake kilomita 1.852. Wato 490 ɗin nan za ka iya ganin an rubuta shi 305 a wani wuri, ko 265 a wani, duk abu ɗaya ne, kar ka ɗauka garin ne ya matso.

Kuma awannin da Google ke nuna maka na mota kar ka yarda da su ɗari bisa ɗari. Bai san da shingayen bincike ba, bai san direba zai tsaya sallah da cin abinci a Funtua ba, bai san za a tsaya sauke kaya a Zariya ba.

3. Fitar da lokacin sama

Lissafin ba wuya. Jiragen da muka saba gani irin Boeing 737 ko Embraer suna gudun kusan kilomita 800 a awa in sun daidaita a sama. Raba 490 da 800, zai ba ka kusan minti 37. Amma jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa, sai ya hau a hankali, kuma tun da sauran tafiya zai fara rage gudu yana saukowa, don haka ka ƙara minti 20 zuwa 25, ka ga an doshi awa ɗaya kenan. Sannan lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake har ya tsaya a can, shi ya sa za ka ga an sa awa 1 da minti 5, ko da minti 15. In mai farfela ne irin ATR, shi gudunsa bai wuce kilomita 500 da ɗan abu a awa ba, sai ka ƙara masa kamar minti 20.

Wani lokaci zuwa da dawowa ba sa zama daidai, kar abin ya dame ka, iska ce da kuma ɓangaren da aka ba jirgi ya sauka. A Abuja kuma akwai abin da ba mu cika gani a nan ba, in jirgin shugaban ƙasa ko wani babban baƙo zai tashi ko zai sauka sai a tsayar da kowa, kuna iya yin shawagi a sama na wasu mintuna kuna jira.

Hattara: in tikitin Legas ne, ka duba da kyau ko kai tsaye ne ko sai an sauka Abuja. Kai tsaye bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma mai biyawa Abuja zai iya cinye maka rabin yini, musamman in sai ka canza jirgi.

4. Ƙara lokacin ƙasa, shi ne mai yawan

Ga yadda nawa lissafin yake fita a rana mai lafiya. Daga cikin gari zuwa filin jirgi, ka bi ta hanyar Birnin Kebbi ka wuce wajen jami'ar jiha, minti 20 zuwa 30 in kana da mota a hannu. Wanda zai taso daga Dundaye ko More ko Kwannawa ya ƙara, wanda kuma zai zo daga Illela ko Wurno ko Tambuwal ya san tashi tafiyar daban ce. Sai ka isa fili aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin tashi, don yawancin kamfanoni suna rufe kantar karɓar kaya da sauran minti 40 ko 45, kuma in sun rufe ko kana ganin jirgin da idonka ba za ka shiga ba. Sai awa 1 da minti 10 na tafiya. Sai jiran kaya a Abuja, ba shi minti 30. Sai babbar maganar, filin jirgin Abuja yana nesa da tsakiyar gari da kusan kilomita 40, in hanya ta buɗe minti 40 zuwa 50 za ka isa Wuse ko Garki, in ka faɗa cunkoson Lugbe na safiyar Litinin kuwa sai abin da Allah ya yi.

Haɗa su ka gani: rabin awa, da awa ɗaya da rabi, da awa ɗaya da minti 10, da rabin awa, da minti 50. Awa huɗu da rabi kenan daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, kuma wannan in komai ya tafi a kan lokaci ne. Ni sai na ɗora awa biyu a kai na ko-ta-kwana, in ce awa shida da rabi. Ma'ana in taronka ƙarfe 2 na rana ne, jirgin da zai tashi ƙarfe 11 ba naka ba ne, ko da kuwa a takarda 12 da minti 10 zai sauke ka.

5. Duba watan da kake ciki

Wannan matakin shi na fi so a kula da shi, don mu nan Sakkwato hazo ba wasa ba ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, ƙura takan rufe gari ta yadda matuƙi ba zai iya hango titin sauka ba, kuma akwai iyakar nisan gani da doka ta gindaya, in bai kai ba jirgi ba zai taso daga Abuja ba ma balle ya sauka nan. Ba laifin ma'aikacin da ke kanta ba ne, kuma faɗa ba ya yaye hazo.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan yayata ya samu kiran intabiyu cikin watan Janairu, ya zo da murna yana nuna min tikiti a waya, ya ce "Kawu, na ƙarfe 10 na yanka, su kuma sai ƙarfe 2 sunka ce, ai akwai lokaci." Na ce masa ɗana ka maida shi ana gobe ka kwana wurin ɗan'uwanmu a Kubwa, ya ce kuɗin canjin ne ba shi da su, ni kuma a lokacin ban matsa ba, abin da har yau yake damuna kenan. Da safe na kai shi fili da kaina, tun a hanya fitilun motoci a kunne suke ƙarfe 8 na safe, itatuwan dogon yaro na bakin titi sai ka zo dab da su kake ganinsu. Ya zauna cikin farar shaddarsa da ya kwana yana guga, fayil ɗin takardunsa a kan cinya ya dafe da hannu biyu, duk sanda lasifika ta yi ƙara sai ya miƙe tsaye. Aka ce 12, aka ce 2, wajen La'asar aka ce a dawo gobe. Da muka shiga mota bai ce komai ba har muka iso gida, ƙura ta yi wa hularsa da girarsa fari fat. Aikin nan bai same shi ba.

Damina ma tana da nata, hadari da iska sun fi tasowa da yamma, kuma Abuja tana riga mu shiga ruwa tun wajen Afrilu, don haka garinmu na iya zama tas rana na dukan ƙasa amma can an rufe. Lokacin jigilar alhazai kuma filinmu yakan cika maƙil da maniyyata da masu rakiya, tun daga bakin ƙofa, sai ka ƙara rabin awa a kan lokacin fitowarka.

6. Kwatanta da mota, lokaci da kuɗi

Motar haya daga babbar tasha, in kun tashi bayan Asuba, ku sa ran awa 10 zuwa 12 kafin Zuba, wani lokaci fiye. Hanyar ita ce Shuni, Dange, Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau, Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, Funtua, Giwa, Zariya, Kaduna, sai Kateri da Jere da Tafa. Akwai masu bi ta Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Tegina, Minna su ɓullo Suleja, ta fi tsawo. Wasu kuma sukan tsaya Kaduna su hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa tashar Idu da ke Abuja, tafiyar awa biyu da wani abu, amma sai ka yanki tikitinsa ta intanet tun da wuri kuma ka tabbata za ka iso kafin na ƙarshe ya tashi, in ba haka ba kwanan Kaduna ya kama ka.

Hattara: kowa ya san halin da hanyar Zamfara take ciki. Kar ka yarda dare ya yi maka tsakanin Tureta da Funtua, a 2024 ma gwamnatin Zamfara sai da ta hana wucewa ta iyakokinta da Sakkwato da Katsina daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Motar da ba ta cika ba har hantsi ya ɗaga, gara ka haƙura sai gobe. Kuma ka tambayi direbobin tasha labarin hanya a ranar, sun fi kowa sani.

Ta fannin kuɗi, kar ka kwatanta kuɗin tikiti da kuɗin mota kawai. A farkon 2022 ne kamfanoni suka maida mafi ƙarancin tikiti naira dubu 50 aka yi ta surutu, bayan cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira kuwa sai ga shi zuwa kaɗai yana haura dubu 100 a mafi yawan lokuta, kuma yana ƙara hawa gab da Sallah da ƙarshen shekara. A kan wannan ka ɗora kuɗin wanda zai kai ka fili, kuɗin shiga ƙofa da hukumar kula da filayen jirgi, wato FAAN, ke karɓa a kan mota, kuɗin kayan da suka wuce kilo, da tasi daga filin Abuja zuwa gari wanda shi kaɗai ba ƙaramin kuɗi ba ne. A ɓangaren mota kuma ka sa abincin hanya, da yini guda cur da za ka rasa, da gajiyar da za ta hana ka aiki washegari. Ra'ayina, in tsoho ne ko mara lafiya ko mai ciki, in da hali a haɗa kuɗi a sa shi jirgi, ba a ma tsaya lissafi ba.

7. Yankar tikiti

Jiragen da ke zuwa Sakkwato ba su da yawa kamar na Kano ko Legas, kamfanoni irin su Air Peace da Max Air da Rano Air sun yi jigila a wannan layin amma jadawali yana canzawa, wani ya shigo wani ya janye, don haka ka shiga shafin kowanne ka gani da idonka wa ke tashi a ranar da kake so. A wurin tashi ka sa SKO, wato alamar filin Sakkwato, a wurin sauka ABV, alamar filin Abuja. Ka yanka da sati ɗaya ko biyu in ka san ranar, don kujerun masu sauƙi su ke fara ƙarewa. In akwai zaɓi ɗauki na farkon yini, saboda jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa da yawa, jinkirin da ya samu da safe yana bin shi har dare yana ƙaruwa.

Rubuta sunanka daidai yadda yake a katin shaidar da za ka nuna, ko na NIN, ko lasin tuƙi, ko katin zaɓe, ko fasfo. In a kati Muhammadu ne kar ka sa Mamman, in Abubakar ne kar ka sa Garba ko Buba, mu mun san suna ɗaya ne amma kwamfuta ba ta sani ba. Sa lambar wayar da ke hannunka da imel ɗin da kake buɗewa, don ta nan za su sanar da kai in an canza lokaci. Bayan ka biya za a ba ka wata lamba mai haruffa da alƙaluma kamar shida, yi mata sikirinshot ka kuma rubuta ta a takarda.

Hattara: kurakurai uku nake yawan gani. Na ɗaya juya hanya, mutum ya yanki Abuja zuwa Sakkwato alhali yana Sakkwato. Na biyu zaɓar ABB a maimakon ABV, wannan Asaba ce ba Abuja ba. Na uku agogo, tikiti da lissafin awa 24 yake zuwa, 14:30 ƙarfe 2 da rabi na rana ne ba 4 da rabi ba, 07:00 kuma na safe ne.

In ta hannun ejan za ka yanka, ya zama wanda ka san ofishinsa, kuma da ya turo maka lambar ka shiga shafin kamfanin ka duba ta nuna an biya, don akwai bambanci tsakanin an riƙe maka kujera da an fitar da tikiti, riƙon yana faɗuwa da kansa in ba a biya ba. Kar ka tura kuɗi asusun wani da ka gani a Facebook yana tallan tikiti rabin farashi. In kuma banki ya cire kuɗinka tikiti bai fito ba, kar ka sake biya nan take, ajiye alat ɗin ka kira kamfanin tukuna.

8. Haɗa kaya

Kilon da aka yarda maka yana rubuce a tikitinka, yawanci tsakanin 15 ne zuwa 23 na babbar jaka, ta hannu kuma 6 ko 7. Auna a gida, ko ka biya wurin mai sikeli a kasuwa, don abin da ya hau kai kowane kilo da kuɗinsa. Fawa bank da laftof da magani da takardu da kuɗi a jakar hannu suke tafiya, fawa bank ma ba a yarda a sa shi a babbar jaka ba sam. Wuƙa, almakashi, reza, da duk wani abu mai ruwa-ruwa mai yawa kuma babbar jaka za su shiga.

Mu da ba ma zuwa hannu sake, a nan ake samun cikas. Kilishi ba matsala, naɗe shi da kyau a leda biyu. Amma man shanu da zuma da manyan kwalaben turare kar su shiga jakar hannu. Na taɓa tsayawa bayan wata dattijuwa a wurin bincike, an fito da robar man shanu daga jakarta an ɗaure bakin da tsumma da igiyar roba, tana cewa jami'in "ɗan nan, tsarabar jikokina ta, mi yai muku?" shi kuma yana ta ba ta haƙuri yana cewa Inna doka ce ba ni ba. An riga an wuce da manyan kaya, dole ɗanta ya ruga waje ya miƙa wa direban da ya kawo su. Da tun a gida an liƙe bakin da salatif an cusa a tsakiyar tufafi a babbar jaka, da ya isa Abuja lafiya lau.

Mai ciki da ya tsufa ta je da takardar likita, wanda ba ya iya tafiya da ƙafa kuma a nemi keken guragu tun wurin yankar tikiti ba sai an zo fili ba. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 a cinya ake riƙe shi amma shi ma sai an sa sunansa.

9. Ranar tafiya

Ga dabarar da ta fi yi min amfani. Jirgin da zai ɗauke ka galibi ba a Sakkwato ya kwana ba, daga Abuja ko Legas zai zo ya sauke mutane ya kwashe ku ya juya. Don haka sauke manhajar Flightradar24, sa lambar jirgin da ke zuwa daga Abuja, za ka ga ko ya taso ko yana can. In bai taso ba ka san kana da aƙalla awa ɗaya da rabi kafin ku tashi, awa ɗaya ta zuwansa da rabin awa na sauke kaya da lodi. Tun ana saura kwana biyu ma kana iya duba yadda ya yi ta tashi a kwanakin baya, in kullum yana makara da awa biyu to ka san da wa kake tafiya.

Hattara: wannan don ka san halin da ake ciki ne da kuma sanar da mai tarbarka, ba don ka zauna gida ba. Kanta tana iya rufewa a kan lokacinta na asali ko da jirgi ya makara, kuma wanda bai zo ba sai an caje shi tara kafin a maida shi wani jirgin. Je ka a karɓi kayanka a ba ka katin shiga, sannan ka zauna.

Ɗan guntun sitikan da za a manna maka na kaya ka adana shi, da shi za ka fita da jakarka a Abuja, da shi kuma za ka yi ƙorafi in ba ta iso ba. Ka yi alwala da sallarka kafin a fara kira, akwai masallaci, kuma ka ci wani abu tun daga gida don abincin fili akwai tsada. Kar ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba komai ƙanƙantarsa, ko ya ce magani ne za a kai wa mara lafiya, duk abin da aka samu a ciki naka ne.

10. In an ɗaga ko an soke

Kar ka bar fili da jin magana a bakin fasinjoji, je kanta ka ji daga ma'aikaci, kuma ka nemi a rubuta maka ko a turo maka saƙo. Dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, ta ba ka haƙƙi, in jinkiri ya yi tsawo su ba ka abin taɓawa, in an soke kuma ka zaɓa ko a maida ka wani jirgin ba tare da ƙarin kuɗi ba ko a dawo maka da kuɗinka, wanda ya biya ta banki ana maganar kwana 14. In hazo ne ko hadari ba za a biya ka diyya ba amma kuɗin tikitinka ba su faɗi ba. In aka yi ta ja maka rai, hukumar na da jami'an karɓar koke a filayen jirgi, kai musu da tikitinka da shaidar biya. In ejan ne ya yanka maka, kuɗin ta hannunsa za su biyo, shi za ka bi.

Kuma in an soke da rana, don Allah kar zafin rai ya sa ka ruga tasha ka hau motar ƙarfe 2, koma mataki na 6 ka sake karanta gargaɗin.

11. Sauka Abuja da shirin dawowa

Tun kafin ku tashi ka gama magana da mai ɗaukarka, ka ce masa sai ka kira kana cikin jirgi sannan ya baro gari, lokacin zuwansa da naka kusan ɗaya ne. In ba ka da kowa akwai tasin fili, ku yi ciniki ku gama kafin ka sa jaka a but, ko ka kira Bolt ka kwatanta farashi. Akwai kuma jirgin ƙasa na cikin gari da aka dawo da shi aiki a 2024, yana tashi daga filin ya bi ta Idu zuwa tsakiyar birni, yana da sauƙi sosai amma ba kowane lokaci yake tashi ba, ka tambayi lokacinsa da ka sauka.

Na dawowa kuma ka juya lissafin amma ka ƙara, don filin Abuja ya fi namu layi nesa ba kusa ba, kuma da yamma hanyar Lugbe takan cushe da masu komawa gida daga aiki. Baro gari da awa uku kafin lokacin tashi, ranar Juma'a ma fiye. In lokacin hazo ne, kafin ka sallami ɗakin masaukinka kira gida Sakkwato ka ce wani ya leƙa waje ya gaya maka yadda garin ya tashi, in sun ce ba a ganin ƙarshen layi to ka roƙi masu masaukin su riƙe maka ɗakin zuwa yamma.